Karayar Ƙashin Ƙugu: Daga Titin Potiskum Zuwa Ɗakin Tiyata

Manyan hanyoyi biyar ne suka haɗu a garin Potiskum na Jihar Yobe. Akwai wadda ta taso daga Kano ta ratsa Azare, da wadda ta zarce Damaturu har Maiduguri, da ta Bauchi, da ta Gombe, sai kuma wadda ta yi arewa zuwa Gashuwa. Ta waɗannan hanyoyi ake jigilar shanu daga kasuwar dabbobin garin, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, zuwa kudancin ƙasar nan, kuma garin ya yi suna wajen mallakar tireloli da sauran manyan motocin dakon kaya. Duk inda tirela da motar fasinja da Keke Napep da mai tafiya a ƙasa ke rabon kwalta ɗaya, ba a rasa haɗari. Cikin raunukan da haɗarin ke bari kuwa, akwai wanda ba ya bayyana kansa ga ido, wato karayar ƙashin ƙugu.

Karayar hannu ko ta ƙafa kowa yana ganinta. Wanda ƙugunsa ya karye kuwa yana iya kwanciya a bakin titi yana magana, yana ba da lambar wayar ɗan'uwansa, babu ɗigon jini a rigarsa, alhali jininsa na tsiyaya a can cikin mararsa. Likitocin ƙashi sun samar da dabaru da dama na ɗaure wannan ƙashi da ƙarfe, sai dai kowace dabara tana da lokacinta da kayan aikinta, kuma mafi ingancinsu ba ta amfanar wanda bai kai asibiti da rai ba. Sanin yadda matakan suke jere ya shafi ma'aikacin tarayya ta fuska biyu: shi ke tsara kasafin da ake sayen kayan, kuma shi ke bin wannan hanya da iyalinsa duk lokacin hutun sallah.

Zoben da ke ɗauke da gangar jiki

Ƙashin ƙugu zobe ne da ƙasusuwa uku suka haɗa. Biyu su ne na kwatangwalo, dama da hagu, na ukun kuma shi ne ƙashin da gadon baya ya zauna a kansa. Ta gaba, na dama da na hagu sun haɗu a mahaɗar ƙashin mara. Ta baya, kowanne ya manne da ƙashin tsakiya. Abin da ke riƙe da su wasu jijiyoyin ɗauri ne masu matuƙar ƙarfi, musamman na bayan, waɗanda su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin mutum su sauke shi a kan ƙafafu.

A cikin wannan zobe, kamar abin da aka ajiye a ƙwarya, akwai mafitsara da ƙarshen hanji da mahaifa ga mace, ga manyan hanyoyin jini, ga kuma jijiyoyin da ke kai saƙon motsi da ji zuwa ƙafafu. Zobe mai tauri da wuya ya tsage a wuri guda. Idan hoto ya nuna gaba ya rabu sosai, likita yakan nemi rauni na biyu a baya, domin a can ne makomar tafiyar majinyaci take.

Tun a ƙarni na 19 wani likitan tiyata na Faransa, Joseph-François Malgaigne, ya bayyana irin karayar da ɓari guda na ƙugu ke zamewa ya yi sama. A shekarun 1980 kuma, Marvin Tile na birnin Toronto a Kanada ya kasa karayar gida uku. Rukunin A shi ne wanda zoben bai rasa ƙarfinsa ba, kuma galibi hutu da maganin ciwo sun wadatar. A rukunin B ƙugun yana iya buɗewa ko rufewa, amma bai zame sama ba. A rukunin C ɗaurin baya ya tsinke gaba ɗaya, ɓarin yana motsi ta kowace fuska. Wasu likitoci biyu na birnin Baltimore a Amurka, Young da Burgess, sun duba lamarin ta inda bugun ya fito. Bugu daga gaba yana buɗe ƙugu kamar littafi, kamar yadda kan faru ga mai babur da ya yi taho-mu-gama da mota. Bugu daga gefe yana matse shi ciki, kamar fasinjan da aka daki ƙofar da yake jingine da ita. Faɗowa daga bisa, misali daga kan lodin tirela, tana tura ɓari guda sama. Idan mahaɗar mara ta buɗe fiye da santimita 2.5, likitoci kan ɗauka cewa raunin ya taɓa jijiyoyin ɗauri na baya.

Sa'o'in farko na jini ne

Jinin jikin baligi bai wuce kimanin lita 5 ba, kuma ƙugun da ya buɗe yana iya shanye kaso mai yawa daga ciki ba tare da an ga komai a waje ba. Mafi yawan zubar daga ƙananan hanyoyin jini masu komawa zuciya take fitowa, da kuma fuskar ƙashin da ya karye. Irin wannan jini yana daskarewa ya tsaya idan aka hana ƙashin motsi. Duk jijjigar da aka yi wa majinyaci tana farfasa gudan jinin da ya fara toshe wurin, zubar ta dawo sabuwa.

Saboda haka ɗaurin farko ba ya bukatar ƙarfe. Zani ko zanen gado ko rawani mai faɗi ya isa. Ana ninke shi, a zura ta ƙarƙashin majinyaci, a ɗaure tamau daidai kan ƙasusuwan nan biyu da suka turo a saman cinya ta gefe, sannan a haɗa gwiwoyi da idon sawu a ɗaure su tare. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaurawa a saman ciki, inda ake ɗaura ɗamara, wanda ba ya rufe zoben. Ba a kuma barin ɗaurin ya wuce kimanin kwana guda ba a duba ba, domin yana cin fata.

Yadda ake ɗaukar mutum ma yana da nasa tasiri. Abin da aka saba gani a wurin haɗari shi ne mutum huɗu su kama hannuwa da ƙafafu, su cusa wanda ya ji rauni a kujerar bayan mota. Niyyar taimako ce, amma ga mai karayar ƙugu hakan yana ƙara buɗe raunin. Abin da ya dace shi ne a shimfiɗe shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa, a ɗauke shi a miƙe, a kuma kira lambar gaggawa ta ƙasa 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa.

A asibiti, abu na gaba shi ne ƙarin jini da allurar taranezamik, wadda ke hana gudan jini narkewa. Wani babban bincike mai suna CRASH-2, da aka wallafa a 2010 bayan an gwada maganin a kan majinyata fiye da 20,000 a ƙasashe 40 har da Nijeriya, ya nuna cewa allurar tana rage mutuwa daga zubar jini. Nazarin da ya biyo baya ya nuna amfaninta yana cikin sa'o'i 3 na farko. Magani ne mai araha, kuma matan da ke zubar da jini bayan haihuwa ma shi ake ba su.

Idan jinin ya ƙi tsayawa, akwai hanyoyi biyu. Ta farko, likita ya tsaga ƙasan cibiya ya danna ƙyallayen tiyata a kewayen mafitsara, a cire su bayan kwana ɗaya ko biyu. Ta biyu, a zura siririn bututu ta hanyar jinin cinya a toshe jijiyar da ta fashe daga ciki. Ta biyun tana bukatar na'ura mai tsada da ƙwararre na musamman. Ta farkon kuwa likitan tiyata da ya sami horo zai iya yin ta a duk asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini da mai sa barci, kuma wannan ya sa ta fi dacewa da garuruwa irin Potiskum.

Ƙarfen waje

Da zarar an shawo kan jini, sai maganar abin da zai maye gurbin zanen. Mafi sauƙi shi ne ƙarfen waje. Ana kafa ƙusoshi masu murɗi a ƙashin kwatangwalo na dama da na hagu, ko dai a gefensa na sama ko a ƙashi mai ƙwari da ke bisa mahaɗar cinya, sannan a haɗa su da sanduna a gaban ciki. Aikin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma sandunan ana iya tsabtace su a sake amfani da su. Da shi majinyaci zai iya jure tafiyar mota zuwa babban asibiti.

Rauninsa shi ne gaba kawai yake riƙewa. Idan bayan zoben ya tsinke, kamar a rukunin C, ƙarfen waje shi kaɗai ba ya hana ɓarin zamewa. Ramukan ƙusoshin kuma sukan yi ruwa, sandunan suna hana zama da sa tufafi yadda ya kamata. Don magance matsalar baya a lokacin gaggawa, Reinhold Ganz na birnin Bern a Suwizalan ya fito da wani matsi mai siffar harafin C a farkon shekarun 1990, wanda ke danne bayan ƙugu daga gefe biyu. Yana bukatar hannun da ya saba, domin idan ƙashin tsakiya ya ragargaje, matsin yana iya murƙushe jijiyoyin ƙafa.

Ƙarfen ciki: gaba da baya

Gyara na dindindin ana yin sa ne bayan majinyaci ya farfaɗo, galibi cikin kwanakin farko. Idan aka haura mako uku, ƙashi ya fara kamawa a karkace, kuma mayar da shi mazauninsa yana zama babban aiki mai zubar da jini.

Ta gaba, idan mahaɗar mara ce ta rabu, ana tsaga ƙasan mara a kwance, irin tsagar da ake yi wajen ciro jariri, a jawo ƙasusuwan su haɗu, a ɗora musu fallen ƙarfe mai ramuka a ɗaure da ƙusoshi. Idan reshen ƙashin mara ne ya karye, ana iya zura doguwar ƙusa ta cikin ɓargonsa. Akwai kuma sabuwar dabara da Rahul Vaidya da abokan aikinsa na birnin Detroit suka bayyana a farkon shekarun 2010, inda ake ɓoye sandar a ƙarƙashin fata maimakon barinta a waje. Tana sauƙaƙa wa masu ƙiba da masu jinya, amma tana iya danne jijiyar cinya, kuma sai an sake shiga tiyata bayan 'yan watanni a cire ta.

Ta baya ne aikin ya fi wuya kuma ya fi muhimmanci. Dabarar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce zura ƙusa mai murɗi ta ɗan ƙaramin rami a gefen ɗuwawu, ta ratsa ƙashin kwatangwalo ta shige ƙashin tsakiya. Chip Routt na cikin waɗanda suka yaɗa ta a shekarun 1990, lokacin da yake aiki a asibitin Harborview da ke birnin Seattle. Tsagar ƙarama ce, jinin da ake asara kaɗan ne. Sai dai hanyar da ƙusar za ta bi ƙunci gare ta, jijiyoyin ƙafa na sama da ƙasanta, hanyoyin jini na gabanta, kuma siffar ƙashin tsakiya ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa ba tana iya barin mutum yana jan ƙafa har abada. Don haka ba a yin aikin sai da na'urar ɗaukar hoton ƙashi ta cikin ɗakin tiyata, wadda ake kira si-am, da gadon tiyata da hasken hoto ke ratsawa, da kuma hoton siti-sikan da aka nazarta tun kafin a fara.

Inda ƙusar ba za ta yiwu ba, ana buɗewa a sa fallen ƙarfe a gaban mahaɗar baya, ko a shimfiɗa dogon falle daga kwatangwalo zuwa kwatangwalo ta baya. Idan kuma ƙashin tsakiya ya rabu da gadon baya, ana haɗa ƙashin baya na ƙasa da kwatangwalo da sanduna, domin nauyin jiki ya tsallake wurin da ya karye. Zaɓi tsakanin waɗannan ya danganta da siffar karayar, da lafiyar fatar wurin, da abin da ke cikin ɗakin tiyata, da abin da hannun likitan ya ƙware a kai. Ƙa'idar da aka fi yarda da ita dai ita ce: idan baya ya tsinke, sai an ɗaure baya.

Bayan tiyata, majinyaci yakan yi mako 6 zuwa 12 bai ɗora cikakken nauyi a ɓarin da ya karye ba. Amma yana iya zama, yana iya juyawa, kuma wannan ne babban ribar aikin. Tsohuwar hanya, ta kwantar da mutum a rataya masa nauyi a ƙafa na tsawon makonni, tana jawo gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa, wanda kan iya tafiya huhu ya kashe farat ɗaya.

Abin da ɗori ba ya kaiwa

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta, mai ɗori yana da daraja, kuma sau da yawa iyali kan ɗauke majinyaci daga asibiti su kai masa, saboda sauƙin kuɗi da tsoron a yanke gaɓa. Sai dai kara da tsumma da ake ɗaure hannu da su ba su da inda za su kama a ƙugu, kuma ja da murza suna tayar da jinin da ya kwanta. Wanda ya tsira da ransa a haka yakan ƙare da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, da ciwon baya mai hana noma ko tuƙi.

Akwai kuma lahanin da kunya ke hana faɗa. Ga namiji, karayar gaba takan tsinka bututun fitsari, abin da kan bar toshewar fitsari ko raunin mazakuta. Jini a bakin mafitar fitsari alama ce da ke hana ma'aikacin lafiya tura robar fitsari da ƙarfi. Ga mace, ƙugun da ya warke a matse yana iya ƙuntata hanyar haihuwa, duk da cewa mata da dama da aka yi wa gyara mai kyau suna haihuwa da kansu. Mafi yawan masu irin wannan rauni matasa ne da magidanta, waɗanda gida ke ci daga guminsu.

Tazarar da ke tsakanin asibitoci

Potiskum tana da babban asibitin gwamnatin jiha, wanda aka ɗaga darajarsa zuwa asibitin ƙwararru. Daga nan zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu kimanin kilomita 100 ne. Ta yamma akwai asibitin tarayya na Azare, ta kudu akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ta gabas kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana da nisan kusan kilomita 300. A Abuja kuma akwai Cibiyar Kula da Masu Munanan Raunuka ta Ƙasa a Babban Asibitin Ƙasa, da aka ƙaddamar a 2014.

Wannan tazara ita ke nuna yadda ya kamata a raba aikin. Ba dole ne kowane asibiti ya iya zura ƙusa a ƙashin tsakiya ba, domin aiki ne da hannu ke ƙwarewa a kansa ta yawan yi, kuma ya fi kyau a tattara shi a 'yan cibiyoyi. Abin da ya wajaba ga asibitin da ke bakin babbar hanya shi ne ma'ajiyar jini mai wutar da ba ta yankewa, da allurar taranezamik, da mai sa barci a kowane dare, da ƙarfen waje, da likitan da ya iya danne jini, sai kuma motar asibiti da lambar wayar likitan da zai karɓi majinyaci a ɗaya gefen. Kwamitin Lancet kan tiyata a duniya ya sa ma'auni a 2015 cewa ya kamata mutum ya iya isa inda za a yi masa tiyatar gaggawa cikin sa'o'i 2.

Inda alƙalamin Abuja ya shigo

Doka ta riga ta tanadi ginshiƙin. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ke samun aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. A kan wannan aka gina shirin NEMSAS na motocin asibiti da kulawar gaggawa, wanda ya fara aiki a 2022, shekarar da aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan ƙasa.

Sai dai jinyar gaggawa ta kwanakin farko ce, tiyatar dindindin kuwa takan zo ne bayan haka, lokacin da ake miƙa wa iyali takardar sayen ƙarfe. Kusan duk ƙarafan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin canjin dala. A wannan gaɓa ne ake sayar da sa ko gona, ko a sa hannu a fitar da majinyaci. Direban tirela da yaron mota da ɗan dako a kasuwar shanu ba sa cikin tsarin albashin da ake cire kuɗin inshora daga ciki, don haka shigar da su ta hannun ƙungiyoyinsu na sufuri da na kasuwa hanya ce da ta cancanci a duba.

Ga mai tsara kasafi ko mai rubuta wa minista ko ɗan majalisa takardar shawara, akwai tambayoyin da suka fi yanke ƙyallen buɗe gini amfani. Idan an sa na'urar si-am a kasafi, an sa kuɗin gyaranta da horar da mai sarrafa ta? Ledar jini nawa asibitin bakin hanya ke iya fitarwa da ƙarfe 2 na dare? Jami'an kiyaye haɗurra da 'yan ƙungiyar direbobi, waɗanda su ne kan fara isa wurin haɗari, an koya musu inda ake ɗaura zani? Likitocin ƙashi nawa aka tura koyon tiyatar ƙugu, kuma me aka tanada domin su zauna bayan sun dawo?

Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, ciki har da sassan Azare zuwa Potiskum da Potiskum zuwa Damaturu. Hanya mai kyau tana rage karon gaba da gaba, tana kuma ƙara wa direba ƙarfin gwiwar taka mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Duk kasafin da ya shimfiɗa kwalta a Potiskum, ya kamata ya zo da na jini da ƙarfe da motar asibiti a shafin da ke biye.